Maraƙin da Aka Hana Tsalle

Akwai wani mutum, manomi, yana da shanun huɗa guda biyu. Ana nan sai ɗayan ya kwanta ciwo bayan kaka, bai kuwa tashi ba. Aka bar mutumin da sa guda, ga karkiya mai wuya biyu jingine a bayan rumbu. Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san sa ɗaya ba ya huɗa.

Yana kuma da saniya. Ta haifi maraƙi baƙi wuluk, sai ɗan fari a goshi, matar gidan ta sa masa suna Goshi. Maraƙin nan ba ya zama wuri ɗaya. Da safe in an kwance shi, sai ya ɗaga wutsiya sama ya zura da gudu ba mai korarsa, ya tsaya cak, ya yi tsalle gefe kamar an tsikare shi, ya kori kaza, ya tunkuyi iska. A bayan gari akwai wani kwazazzabo mai yashi, can maruƙan unguwa suke wuni. Su gangara su haura, su gangara su haura, wannan ya bi wancan, wani ya zame ya faɗi, ya tashi ya karkaɗe kunne ya sake.

Wata rana mutumin ya tsaya yana kallonsu, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, "Dusata da harawata ke nan suke bin iska. Ƙarfin da yake zubarwa a ramin nan, a gonata ya kamata ya zuba shi."

Sai ya kafa turke a tsakar gida ya ɗaure maraƙin. Ya huda masa hanci ya zura igiya, tun ƙahonsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, wannan fa har yanzu nono yake sha."

Ya ce, "To sai me? Da nonon a bakinsa zai koya. Shanun mutane sai sun girma sun yi taurin kai ake fama da su. Ni nawa tun yanzu zan gyara shi."

Ta ce, "Ko da yamma ne ka bar shi ya bi 'yan'uwansa."

"Ya bi su ya koyi me? Hauka?"

Kullum da sassafe ya ɗaura masa gungume ya ja. Ya koya masa kalmomi uku, da baki da tsumagiya: tafi, tsaya, juya. In rana ta yi zafi ya mayar da shi turke, wai kada ya ɓata ƙarfinsa a banza. Da farko in maruƙan unguwa suka wuce ƙofar gida da gudu, Goshi yakan ja igiya yana kuka har hancinsa ya yi jini. Daga baya ya daina ja. Daga baya kuma ko kai ba ya ɗagawa. Mutumin ya ga haka ya yi murna, ya ce, "Yanzu ya yi hankali."

Kawunsa, wani tsoho da shi ma yake da maraƙi sa'an Goshi, ya shigo gaisuwa. Ya dubi turken da maraƙin. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, wane laifi ya yi maka?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Kawu, makaranta yake. Naka kuwa yana can yana yawon banza."

Tsohon ya ce, "Nawa ma yana koyo. In na fita da manyan, yana biye da su a gefe, yana jin abin da nake ce musu. Wani lokaci in rataya masa igiya a wuya ya yi ta janta yana wasa, in ya gaji in cire. Sauran wunin nasa ne."

"To yaushe zai yi huɗa?"

"Ranar da wuyansa ya isa. Bana ka zo ka ɗauki sana guda ka haɗa da naka. Ka yi taka gonar, in yi tawa."

Mutumin ya ce, "Na gode, Kawu. Ba za a ce da sa na aro na yi noma ba, ga nawa a gida."

Damina ta faɗi. Aka kira gayya a wata gona da ke bakin kwazazzabon nan. Sai ga mutumin ya iso da babban sansa da Goshi a karkiya ɗaya, karkiyar ta karkace gefe, ya cusa tsummoki a wuyan ƙaramin don kada itace ya ci naman. Samari suka fashe da dariya.

Wani ya ce, "Kai, akuyar wa ka sato ka ɗaura wa garma?"

Wani ya ce, "Ku kira uwarsa ta goya shi, rana za ta yi masa yawa!"

Mutumin ya shiga gonar. Ya kafa garma ya ce, "Tafi." Maraƙin ya sunkuyar da kai ya tafi. Ya ce, "Juya." Ya juya. Kunyar huɗa ta fita a miƙe sambal. Dariya ta mutu, mata suka rangaɗa guɗa. Waɗanda suka yi ba'a ɗazu suka kewaye shi suna tambaya yadda ya yi, har wani ya rantse yau ɗin nan zai kafa wa nasa turke. Matarsa kaɗai ta lura da kumfar bakin Goshi, da yadda ƙafafunsa na gaba suke rawa.

Da rana ta take aka sauke abinci. Babu inuwa kusa sai ta cikin kwazazzabon, inda maruƙan unguwa suke kwance a kan yashi. Mutumin ya cire wa Goshi karkiya ya gangara da shi, ya ce, "Tsaya." Ya hau ya zauna wurin tuwo, yana cewa da ƙarfi don kowa ya ji, "Nawa ba ya bukatar turke yanzu. Kalma ɗaya ta ishe shi."

Ga shi kuwa, sama a nan garau take, amma tun safe hadari yake zuba can kan duwatsu. Suna cikin ci sai suka ji ruri daga nesa, kamar babbar mota tana tahowa. Wata mata ta miƙe ta kwarma ihu, "Ruwa! Ruwan dutse ya sauko!"

Kafin ta rufe baki maruƙan nan sun zabura. Ba wanda ya ce musu kome. Gaɓar da suke hawa kullum cikin wasa, ita suka haye, kowanne ya san inda zai sa kofato. Maraƙin Kawu ya zame, ya tashi, ya sake tsalle, ya fita.

Goshi yana tsaye inda aka ce ya tsaya. Idonsa na kan maigidansa.

Mutumin ya watsar da tuwo ya ruga yana ihu, "Gudu! Goshi, gudu! Hau!" Maraƙin ya karkata kunne. Ba a taɓa gaya masa waɗannan kalmomi ba. Da mutumin ya ga haka sai ya daka tsawa da wadda ya san ya sani, "Tafi!"

Sai Goshi ya sunkuyar da kai kamar karkiya na wuyansa, ya soma tafiya a hankali, a miƙe, ta tsakiyar kwazazzabon, yadda ake bin kunya. A haka ruwan ya same shi.

Da yamma aka tsince shi can ƙasa, a sarƙe cikin saiwar wata bishiya, igiyar tana hancinsa. Mutumin ya tsaya a kansa yana huci, ya ce, "Dabbar banza mara wayo! Me ya hana shi tsalle kamar sauran?"

Matarsa ta durƙusa ta zare igiyar daga hancin. Ta ce, "Maigida, kada ka zage shi. Duk abin da ka koya masa ya yi. Bai bar ko ɗaya ba."

To, iyaye da dattawan ikkilisiya, ma'anar wannan misali ba ta da nisa, tana nan bayan tagar majami'ar nan.

Maraƙin shi ne ɗanka da 'yarki da ke rabin aji. Manomin mu ne. Turke da igiya su ne bencin da muke dasa yaron da bai iya ɗaura maɓallin rigarsa ba, tun safe har rana ta karkata, sa'an nan mu ce a ƙara masa lesin. Ranar gayya kuwa ita ce ranar da baƙi suka zo gida, muka kira yaro muka ce, "Zo ka karanto wa Baba jihohi da manyan biranensu." Ya rera su kamar aku, bai san ko sunan rafin garinsu ba, mu kuwa muna ta washe baki. Wa aka yi wa wannan? Shi ko mu?

Ku fita da safe ku gani. Jakar makaranta ta fi bayan yaron da ke ɗauke da ita. Yaron da jiya aka yaye, wai shi ma yana da jarrabawa, har a ce ya zo na ƙarshe a aji, ya dawo gida a harare shi. Na ƙarshe a cikin me? Ban ga laifin malamansu ba, gama mu ne muke tsayawa a ƙofar aji muna cewa, "Anti, ɗan maƙwabcina ya fara rubutu, nawa me yake jira?" Yanzu kuma na ji dattawa za su yi zama a kan batun filin makarantarmu da yaran nan suke gudu, wai a sare darbejiyar da ke cikinsa a gina sabon aji, don wai filin yana zaman banza. Haka manomin ma ya ce da kwazazzabo.

Kada wani ya fita ya ce na ce a daina karatu. Ni karatuna bai yi nisa ba, na kuwa san abin da rashinsa ya hana ni. Maraƙin Kawu ma ai yana koyo. A koya musu baƙaƙe, a koya musu ƙirge, a yi musu waƙa da labari, kaɗan kaɗan gwargwadon wuyansu, in sun gaji a cire igiya. Amma ku tsaya ku kalli yara suna tuwon ƙasa a gwangwani. Mai rabo tana ƙirga baki nawa za su ci. Wanda aka hana ya koyi yadda ake roƙo, wanda ya ƙwace ya ga an watse an bar shi shi kaɗai. A wasan ɓuya yaro yake koyon ya yi shawara da kansa ba wanda ya gaya masa. A gudu yake faɗuwa ya gane faɗuwa ba mutuwa ba ce. Ubangiji ne ya sa tsallen nan a ƙafarsu, bai kuwa sa shi don ya ɓata mana lokaci ba. Ruwan dutse zai zo wa kowane ɗayansu wata rana, ba ma kusa, ba kuma wanda zai ce masa tafi ko juya.

Yawancinku kun raka ni ranar da muka kai 'yata Keziya makwancinta. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, ba makaranta ba, ba zan ɗora wa kowa abin da bai yi ba. Amma tana kwance jikinta kamar garwashi, abin da take ta faɗa shi ne, "Baba, ban yi aikin gida ba." Yarinyar da ba ta kai tsayin teburin nan ba, da wannan nauyin a ranta ta tafi. In na tuna da ita yanzu, jihohin da ta haddace ba sa zuwa mini. Abin da yake zuwa shi ne ƙafafunta buɗu-buɗu da ƙura a ƙarƙashin darbejiyar can, tana miƙo mini tuwon ƙasa a murfin kwalba, tana cewa in ci a hankali da zafi.

Ba wanda ya san tsawon kwanakin da aka ba ɗansa. Waɗansu, ƙuruciyar nan ita ce duk abin da za su samu a duniya.

Saboda haka, dattawa, ku bar bishiyar nan, ku bar filin. Iyaye, ku sassauta igiya. Yau in an tashi sujada yaran za su kwasa da gudu su cika wurin da ihu da ƙura, su ɓata kayan Lahadi. Kada kowa ya fito da tsumagiya. Akwai gida a layinku da ya yi tsit, ba mai ɓata kaya a cikinsa, ba mai ihu, gidana ke nan. Ku zo ku zauna a ciki na wuni ɗaya, sa'an nan ku gaya mini ko shirun ya yi muku daɗi.

Ubangiji ya ji tausayin ƙananan nan, ya kuma ba mu kunnen ji. Amin.