Hular Almakashi

Akwai wani mai shagon tabarau da ake kira Almakashi. Ba ɗinki ya jawo masa sunan ba, don ko maɓalli bai iya sawa a riga ba. Harshensa ne. Duk abin da ya faɗa bakinsa sai ya fito gutsi-gutsi.

Shagon nasa madubai ne ta ko'ina, wai don masu gwada tabarau. Amma kowa a layin ya san wanda ya fi tsayawa gabansu. Mutum ne mai ji da gashin bakinsa da hularsa, kuma ba ya wuce madubi bai gaishe da kansa ba.

Na san wasunku har sun fara cewa da kaina nake. Allah ya shirye ku. Nawa gashin bakin ya fi nasa tsari nesa ba kusa ba.

Duk Asabar da la'asar, Almakashi yakan karo ƙofar shago, abokansa su taru, a nemo fim mafi muni a kunna, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ne alƙalin majalisar. Yakan ce shi daga fosta yake gane fim, kallo kuwa don dai ya tabbatar wa masu taurin kai ne. Na hannun damansa wani ne da ake ce wa Dogo, wanda dariyarsa kan tsorata kajin maƙwabta.

To, Almakashi yana da ƙanwa, autar gidansu, kuma shi har yau Auta yake ce mata. Mijinta mai ɗaukar hoton biki ne, kowa Mai Hoto yake kiransa. Mutum ne shiru-shiru, yana da in'ina, kalma kan maƙale masa a wuya sai ya runtse ido kafin ta fito. Shekara da shekaru yana da buri guda: ya yi fim nasa na kansa.

Da Almakashi ya ji an fara shiri, sai ya feshe jikinsa da turare ya je ya ba da kansa kyauta a matsayin jarumi. Aka gwada shi. A ce ya kalli taga, ya kalli kyamara. A ce an yi masa rasuwa, ya gyara gashin baki. Daga ƙarshe Mai Hoto ya sunkuyar da kai ya ce, “Ya-Yaya, ai ka... ka fi ƙarfin fim ɗin nan.”

Almakashi ya yi murmushi, amma ya gane. Abin da ya ƙara ƙona masa rai, wanda aka ba matsayin wani tsoho ne mai gyaran agogo a tsallaken shagonsa, mai giɓi, wanda ko tsefe gemu ba ya yi.

Aka daɗe ana aikin. Mai Hoto ya sayar da babur ɗinsa ya koma tafiyar ƙasa. Auta ta riƙa dafa wa 'yan wasa abinci, tana riƙe musu fitila, tana wanke kayan wasa. Da fosta ta fito kuwa, gaskiya ko ni da na gan ta sai da na yi addu'a. Motar haya ce a karkace, kan direban ya fi motar girma, kuma giɓin tsoho ne a tsakiya kamar ƙofar gareji.

Almakashi ya manna ta a babban madubinsa. Duk wanda ya zo gwada tabarau sai ya nuna masa, yana kwaikwayon in'inar mijin ƙanwarsa.

Sai ga Auta ta zo shagon wata safiya. Ta ga fostar, ta ɗauke kai. Ta gaya masa wani mai gidan sinima ya yarda zai zo ya ga fim ɗin sau ɗaya, a wani ɗakin taro da suka aro. Ta ce mutumin yana da wata ɗabi'a: shi ba allo yake kallo ba, mutane yake kallo. In fim ya riƙe jama'a ya ɗauka, in suka yi masa dariyar raini ya tashi ya tafi, kuma ba ya dawowa.

“Yaya, ka zo da mutanenka ku cika mana kujeru,” in ji ta. “Ba sai ka yaba ba. Ka zauna kawai.”

Ya dafa kanta ya ce ta kwantar da hankali, wa take da shi in ba shi ba?

Tana fita ya kira Dogo. Shirin mai sauƙi ne. Za su warwatsu cikin ɗakin don kada a gane tare suke. Shi zai zauna a tsakiya inda kowa zai hango shi. Duk lokacin da ya ɗaga hularsa kamar zai sosa kai, su fashe da dariya. Dogo ya tambaya ko abin bai yi yawa ba, tunda mijin ƙanwa ne. Almakashi ya ce ai taimakonsa zai yi, gara ya koma ɗaukar amare tun bai sayar da katifarsu ba.

Ranar ta zo. An toshe tagogi da barguna saboda rana, an rataya farin zanen gado a bango. Mai gidan sinima, wani dattijo marar fara'a, ya ɗauki kujerarsa ya kai gefe, ya juya ta yadda zai ga fuskokin mutane.

Mai Hoto ya tashi zai yi godiya. Ya ce, “Ja-ja-ja...” Kalmar ta tsaya. Ya runtse ido.

Almakashi ya ɗaga hula.

Dariya ta tashi daga kusurwa-kusurwa, ta Dogo a sama. Waɗanda ba su san komai ba ma wasu suka bi. Mai Hoto ya tsaya da baki a buɗe, gumi na bin wuyansa, sannan ya koma ya zauna bai ƙarasa kalmar ba. Auta tana tsaye jikin ƙofa, ba ta motsa ba.

Aka kashe fitila. Farkon fim ɗin kuwa kamar don Almakashi aka yi shi. Ana jin ƙarar janareta, sandar makirfo ta leƙo daga sama, wata akuya ta ratsa ta gaban kyamara ta tsaya tana kallon jama'a. Hula ta tashi, dariya ta biyo. Ta sake tashi, aka sake. Dattijon sinima ya duba agogonsa.

Daga nan labarin ya fara.

Tsohon nan direban motar haya ne, kuma idonsa yana mutuwa a hankali. Ya ɓoye wa kowa, don in aka sani za a karɓe motar, gidansa kuma da ita yake ci. 'Yarsa ce kaɗai ta sani. Ita ke zama kusa da shi tana karɓar kuɗin fasinja, hannunta ɗaya a kan gwiwarsa. Ta matsa sau ɗaya, ya taka birki. Ta ja yatsa dama, ya karya dama. Fasinja na ta hirarsu, ba wanda ya san rayuwarsa a yatsun yarinya take.

Tsoho mai giɓi bai cika magana ba a fim ɗin. Amma akwai inda ya zauna shi kaɗai yana kusanto hoton matarsa da fuskarsa, yana nisanta shi, yana sake kusantowa, yana neman inda zai gan ta. A nan ɗakin ya yi tsit. Har ƙarar janaretan aka daina ji.

Almakashi ya farga hannunsa yana kan hula tun ɗazu, ya manta bai ɗaga ba. Bakinsa ma a buɗe yake. Ya rufe shi da sauri, ya waiga ko wani ya gani.

Abin da ya gani ya fi haka ciwo. Dattijon sinima ya daina kallon mutane. Ya juya kujerarsa yana kallon allo.

Almakashi ya waiga wurin mutanensa. Ya ɗaga hula. Shiru. Ya ɗaga ta sama sosai, ya kaɗa ta kamar mai tare tasi. Ba wanda ya kula. Dogo yana jere na gaba, ya tallafe haɓa, yana share hanci da bayan hannu.

A allo kuwa an zo wurin. Yarinyar ta kwanta zazzaɓi, ba ta iya tashi ba. Tsoho ya fito shi kaɗai, mota ta cika, har da mace mai goyo a kujerar da 'yarsa ke zama. Ga gangara, ga wata siririyar gada a ƙasa. Hannunsa ya sauka kan gwiwarsa yana laluben hannun da ba ya nan.

Almakashi ma yana son ya ga abin da zai faru. Amma ya fi son kada Mai Hoto ya ci. Sai ya miƙe ya saki dariya shi kaɗai, busasshiya, ya ɗaga murya: “Bi-bi-birki, Baba! Ta-ta-taka bi-birki!”

Ba wanda ya taya shi. Dogo ya juyo, ido jajir, ya ce, “Malam, rufe mana baki mana.”

Sai ya ji an kama hannun rigarsa. Auta ce. Ta ja shi tsakanin kujeru, mutane na kauda gwiwa ba tare da sun ɗauke ido daga allo ba. Ya bi ta yana waiwaye, motar na gangarawa.

A waje rana ta dalle masa ido. Ya fara cewa wasa ne, ita ma ta san halinsa.

“Na ga hular, Yaya,” ta ce. “Tun yana tsaye yana neman kalma na gan ta.”

Ya ce to, ya ji, ya yi kuskure, su koma ciki a ƙarasa, in ya so sa yi magana daga baya.

“Kana so ka ga ƙarshen?”

Ya waiga ya kalli ƙofar. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta koma ciki, ya ji ta murɗa makulli.

Babban mutum da gashin baki, sai ga shi ya manna kunne a jikin ƙofa. Ya ji hon mai tsawo. Ya ji wata mata ta yi salati. Daga nan shiru mai tsawon gaske, sannan tafi ya ɓarke, har ƙofar na rawa a kunnensa.

Dattijon sinima ya ɗauki fim ɗin. Aka gyara sautin, amma ya ce a bar akuyar, ta shiga ransa.

Dogo kuwa, don ya wanke kansa, ya bi layi shago-shago yana ba da labarin hula. Majalisar Asabar ta watse. Almakashi ya cire fostar daga madubi, amma tambaya ɗaya ta hana shi sakat: motar nan ta tsallake gadar ko ba ta tsallake ba?

Ya fara tambaya a fakaice. Mai aski ya ce masa ai ta faɗa ruwa, kowa ya mutu. Mai sayar da taya ya rantse mai goyon nan ce ta karɓi sitiyari. Wani ya ce akuyar ce ta cece su. Ya tsallaka wurin tsoho mai gyaran agogo da agogon da lafiyarsa ƙalau, ya kawo zancen. Tsoho ya buɗe giɓinsa ya ce shi ma ya manta, tsufa.

Da abin ya ishe shi, ya zaɓi baƙin tabarau mafi faɗi a shagonsa, ya tafi sinima ya shiga layin tikiti, kai a ƙasa. Ya kusa kaiwa taga sai wani a bayansa ya gane gashin bakin. Mutumin ya ɗaga hularsa kawai.

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Masu hula suka ɗaga, marasa hula suka ɗaga ta iska. Almakashi ya fice da sassarfa, tabarau na zamewa a hancinsa.

Haka abin ya zauna masa. Ya shiga wurin ɗaurin aure, wani ya ɗaga hula. Ya tsaya sayen mai, wani ya ɗaga hula. Ya daina sa tasa gaba ɗaya, sai ga sanƙon da ya shekara yana ɓoyewa ya fito fili, madubansa kuma suna nuna masa shi ta kowace kusurwa.

Ya je gidan Auta sau da dama. Mai Hoto kan fito ya gaishe shi da ladabi, ya kawo masa ruwa. Ita ba ta fitowa. A zuwansa na ƙarshe ya daure ya tambayi Mai Hoto yadda fim ɗin ya ƙare. Mai Hoto ya runtse ido, ya buɗe baki, ya ce, “Mo-mo-mo...” Almakashi ya matso, ya jira, bai taɓa jiran maganar wani haka ba a rayuwarsa.

Daga cikin ɗaki muryar Auta ta fito: “Kada ka wahalar da kanka. Ba ya jiran mutum ya ƙarasa magana.”

Mai Hoto ya rufe bakinsa, ya ɗauki kofin ruwan ya shiga ciki.

Darasi: Kada ka yanke wa abu hukunci daga fostarsa, kuma kada ka mai da wahalar ɗan'uwanka abin dariya, domin dariyar da ka koya wa mutane ba ta mantuwa, wata rana kai za a yi wa ita. Ni na ga ƙarshen fim ɗin, kuma ba zan faɗa muku ba, tunda kullum sai ku karance mini labari ku sulale ko sannu babu. Ku tura wannan ga duk wani Almakashi da kuka sani, tun bai ɗaga hularsa ba.