Anti Gishiri da Katunan Gayyata Bakwai

Akwai wata malamar makaranta da mutanen garinsu ke kira Anti Gishiri, saboda kullum takan ce taron da ba ta je ba lami ne. Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Idan hutun ƙarshen shekara ya zo, 'yan garin da ke aiki a nesa suka dawo, sai kowa ya tuna yana da abin da zai tara jama'a a kai.

A wannan karon katin gayyata bakwai ta jera a kan firji, duka na Asabar da Lahadi.

Mijinta ya tsaya yana kallonsu. "Malama, jiki ɗaya fa gare ki. Ni kuma ba direban haya ba ne."

"In ban je ba, me za a ce?"

Ranar Juma'a da yamma sai ga yayanta ya iso. Shekara huɗu rabonsa da garin, kuma su biyu kaɗai suka rage tun rasuwar iyayensu. Ta yi murna, ta gyara masa ɗaki. Ya ce, "Auta, kwana biyu zan yi. Akwai maganar da nake so mu zauna mu yi."

"Yaya, ai muna tare. Bari in karɓo ɗinkina in dawo."

Awa uku ta yi a shagon tela, domin hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kafin ta dawo gajiyar hanya ta kwantar da shi.

Asabar aka fara da taron tsofaffin ɗalibai. An rubuta ƙarfe goma, ba a buɗe ba sai ɗaya saura. Lasifika na ta ƙara kamar ana yanka akuya, mutum biyu kuma suka kusa dambe a kan kujerar gaba. Da suka fito, wani ya toshe musu mota ya tafi da makulli. Mijinta ya yi ta danna hon har maƙwabta suka leƙo.

Daga nan sai buɗe shagon ƙawarta, inda aka tsayar da su cikin rana ana jiran mai yanke kirtani. A nan dugadugin takalminta ya karye. Da ɗingishi ta isa tarewar sabon gidan wani abokin mijinta, aka zagaya da su ɗaki-ɗaki, har banɗaki sai da aka sa suka yaba.

Sau uku yayanta ya kira. Duk lokacin sai ta rufe kunne ɗaya ta ce, "Yaya, ga ni nan zuwa!"

Da suka koma gida da magariba ta same shi a falo da kofin shayi. Ya buɗe baki ke nan wayarta ta yi ƙara. Matar kwamitin taron gobe ce, wai an rasa wa zai kawo kujeru.

"Yaya, minti biyar."

Mijinta ya yi tsaki. "Minti biyar ɗinki ai ya fi wa'adin gwamnati tsawo."

Kafin ta gama da maganar kujeru, yayanta ya yi barci. Lahadi da safe ta fice tun kafin ya fito daga wanka. Taron sallamar shugaban makarantarsu ne da ya yi ritaya, kuma ta kwana biyu tana haddace jawabi. Mai gabatarwa ya kira kowa, har mai gadi ya yi magana, amma ya tsallake sunanta. Tana zaune tana cika tana batsewa, sai maƙwabciyarta mai shagon magani ta matso.

"Malama, Allah ya sa a yi aikin yayanki lafiya."

"Wane aiki?"

Matar ta zaro ido. "Aikin zuciya mana, ranar Talata. Jiya da ya gaji da zaman kaɗaici ya zo shagona muka yi hira. Ya ce ba ya son faɗa miki ta waya, shi ya sa ya yi wannan doguwar tafiya. Au, bai faɗa miki ba?"

Takardar jawabin ta faɗi daga hannunta. Ta finciko mijinta daga cikin mutane, suka nufi gida. Ɗakin yayanta a share, gado a gyare, jaka babu.

Suka juya tasha. Motar ta kusa cika, yayanta na zaune a gefen taga, jaka a cinya. Sai a lokacin ta lura da yadda ya rame.

"Yaya, me ya sa ba ka tsayar da ni ba?"

Ya yi murmushi. "Auta, wa ke tsayar da iska? Na ga jama'a na bukatarki."

Ta fashe da kuka. Saura kujera ɗaya a baya. Ta juya ga mijinta, shi kuwa tuni ya zaro kuɗin mota ya miƙa wa direba. "Shiga. Kayanki zan aiko gobe."

Haka ta shiga da kwalliyar taro, ta kashe waya. Awa shida suka yi a hanya, suka yi hirar da ta gagara a kwana biyu. Ranar Talata ita ce zaune a ƙofar ɗakin tiyata, kuma fuskarta ya fara gani da ya farfaɗo.

Bayan sati biyu ta dawo, tana ta shirya haƙurin da za ta ba masu taruka ukun da ba ta je ba. Ta fara da gidan farko. Tun kafin ta buɗe baki matar gidan ta rungume ta.

"Malama, mun gode da zuwanki ranar nan! Ai na hango ki can baya, kayanki sun yi kyau."

Darasi: Ba a fasa taro don babu kai, wani lokaci ma ba za a lura ba. Amma akwai wanda kai kaɗai yake jira. Kafin ka amsa gayyatar gari, duba wanda ke zaune a falonka. Ku tura wa duk mai yawan cewa "ga ni nan zuwa".