Rijiyoyi Uku da 'Yar Baƙa

To, ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ban ji amsa ba. Ku gyara zama, ku sake.

Ta zo mu ji ta!

Yawwa. A wani gari an yi wani mutum, Malam Barau, mai rubuta wa mutane takardar koke. Sarkin garin ba ya sauraron ƙarar baki, sai abin da aka rubuta. Saboda haka duk wanda aka zalunta sai ya nufi gindin ɗorawar da ke ƙofar fada, inda Malam Barau yake zama da tsohuwar tafiretarsa, wato keken rubutu. Sunanta 'Yar Baƙa.

Mai koke ya zauna a tabarma ya fara magana, 'Yar Baƙa ta kama: ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙililin! In ƙararrawa ta buga, mai koke ya ja numfashi, Malam ya turo kan keken, a ci gaba. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙililin! Shekara talatin suna haka, ba su taɓa rasa abin faɗa ba.

Sai dai Malam Barau mutum ne mai ƙyamar kuskure, ita kuwa 'Yar Baƙa ba ta iya goge rubutu ba. Abin da ta buga ya bugu. Kullum yana mita.

Rannan sai ga wani aljani a kamannin ɗan kasuwa, da wani allon gilashi mai haske. Ya ce, “Malam, gwada wannan. Ba ƙara, ba tawada. In ka yi kuskure, shafa ɗaya, ya tafi kamar ba a yi ba.”

Malam ya ce, “Me zan ba ka?”

Aljani ya ce, “Ba komai. Kalmar da ka goge dai, tawa ce.”

Malam ya yi dariya. Wa ke son kalmar da aka goge? Ya karɓa.

'Yar Baƙa ta ce, “Malam, ni fa?”

Ya ce, “Ke kin tsufa, ga surutu.”

Ya ɗauke ta ya kai bayan gida, ya ajiye a akurkin kaji. Ko ƙyalle bai rufa mata ba. Ku ji fa! Shekara talatin, ko ƙyalle!

Ana nan, sarki ya so a yi masa hanya miƙaƙƙiya daga fada zuwa gonarsa. Hanyar kuwa ta bi ta unguwar marina, ta kan rijiyoyinsu guda uku. Aka kira Giwa, sarkin aiki, aka ce ta cike su, kowace rana ɗaya, da la'asar.

A unguwar akwai wata tsohuwa, Iya Yalwa. Mijinta marigayi ne ya haƙa rijiyoyin nan da hannunsa. Da sassafe ta dogara sanda ta zo gindin ɗorawa.

Ta ce, “Malam, rubuta. Ka ce wa sarki...”

Ta dakata. Ta kasa kunne. Shiru.

Ta ce, “Ka fara ne?”

Ya ce, “Na fara, Iya.”

Ta ce, “Ban ji ba. Ni ba karatu na iya ba, da kunne nake sanin maganata ta shiga. Yaya zan yi ta zuba magana a abin da ba ya amsawa?”

Ya ce, “Je ki gida. Na san abin da za ki faɗa, zan tsara shi fiye da yadda za ki faɗa.”

Ta tafi. Malam ya rubuta, “Ranka ya daɗe.” Ya duba, ya ce ya yi kaɗan. Ya goge. Ya rubuta, “Zaki, mai duniya.” Ya ce ya yi yawa. Ya goge. Ya rubuta, ya goge. Ya rubuta, ya goge. Aljani kuwa ashe yana can cikin gilashi yana haɗiye kalmomin. La'asar ta yi, allo fari fat. Giwa ta tura ƙasa, rijiya ta ɗaya ta tafi.

Washegari Iya Yalwa ta dawo. Ta ce, “Ina takardar?”

Ya ce, “Saura kaɗan.”

Ta ce, “Rijiyar ma saura biyu.”

Ya zauna. Ya nemi kalmar “ruwa” a kansa, babu. Jiya ya goge ta. Ya nemi “zalunci”, babu. Ya nemi “taimako”, babu. Ya sha shayi, ya zaga ɗorawa sau bakwai, ya dafe kai. Kan nan wayam, kamar tulun da aka kife. La'asar ta yi. Giwa ta tura ƙasa, rijiya ta biyu ta tafi.

Rana ta uku Malam bai ko iya gaisuwa ba. Iya Yalwa ta zo ta same shi zaune, ido ya faɗa. Ta dube shi, ta dubi gilashin. Ba ta yi faɗa ba. Tsohuwar nan akwai dabara.

Ta ce, “Malam, bar zancen takarda. Sanda ta gajiyar da ni. Zo ka ɗebo mini ƙwai a akurkinka, in tafi.”

Ya tashi ya bi ta. Ya durƙusa ya leƙa akurki. Ga Kaza kwance a kan 'Yar Baƙa, ta yi sheƙa.

Kaza ta ce, “Sai yau? Kullum tana tambayata ko ka leƙo. Ni har na gaji da yi mata ƙarya.”

Malam ya janyo 'Yar Baƙa. Raɓa ta ci ta, tsatsa ta kama haƙoranta, ƙyallen tawadarta ya bushe ƙayau. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, sai ya tarar kalmar ma ya goge ta.

'Yar Baƙa ta ce, “Bari, Malam. Kai ni gindin ɗorawa. Rana tana tafiya.”

Ya ɗauke ta ya kai ta gindin ɗorawa. Iya Yalwa ta kunce bakin zanenta. Ashe ta zo da shiri: ga man gyaɗa a 'yar kwalba, ga ruwan baba na rini a 'yar ƙwarya. Aka ɗiga mai a gaɓoɓi, aka jiƙa ƙyalle da baba, aka zura takarda.

Malam ya ɗora yatsu, ya tsaya. Ya ce, “Babu komai a kaina.”

'Yar Baƙa ta ce, “Da can ma ba daga kanka kalmomin suke fitowa ba. Danna ko mene ne, Iya ta ji ƙarata.”

Ya danna. Ƙwas!

Iya Yalwa ta gyara zama. Ta ce, “Yawwa! Ka ce wa sarki Tanko ne ya haƙa rijiyoyin nan, mijina, shekarar da aka yi fari. Ka ce farcensa uku ya bari a ta tsakiya.”

Ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙililin!

“Ka ce jiya mata sun tafi rafi da tulu tun asuba, ba su dawo ba sai azahar. Ka ce hanya tana iya lanƙwasa, ƙishirwa ba ta iyawa.”

Ƙwas-ƙwas-ƙwas, ƙililin!

Yatsan Malam ya zame, ya buga kuskure. Ya kai hannu zai yage takardar.

'Yar Baƙa ta ce, “Kul! Wuce gaba.”

Ya wuce. Ya sake kuskure, ya wuce. Kalmomi suka riƙa komowa ɗaya bayan ɗaya, suna fita daga gilashi kamar tururuwa, aljani yana ihu. Da Malam ya buga ɗigon ƙarshe, sai aka ji ɓas! Wani ƙarfe ya karye a cikin 'Yar Baƙa. Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, a hankali.

Malam ya zare takarda ya ruga fada, hula a hannu. Sarki ya karanta shuɗin rubutun nan mai kuskure biyar. Ya karanta har sau biyu. Ya ce, “Wannan muryar mutum ce. A ce wa Giwa ta tsaya.” Aka tarar Giwa har ta ɗaga ƙafa. Hanya ta lanƙwasa, rijiya ta uku ta tsira.

Malam ya dawo da gudu. Ya ce, “'Yar Baƙa, an ci nasara! Ki yafe mini.”

Kalmar ta dawo, amma mai jin ta babu. Ya danna, shiru. Ya kai ta wurin maƙera uku, duka suka girgiza kai.

Ya jefa gilashin a kogi, ya koma rubutu da alƙalami, yana ƙwanƙwasa akwati da ɗan yatsa don masu koke su ji ana amsa musu. Bai sake rasa kalma ba. Amma duk la'asar in ya ga matan marina sun yi dogon layi a rijiya ɗaya tal, sai ya sunkuyar da kai.

To, kun ji. Wanda ya tsaya jiran rubutu marar aibi, ƙasa za ta cike rijiyarsa kafin ya sa ɗigo. Ku fara, ko da kuskure, a gyara daga baya. Sannan duk inda aka jibge irin su 'Yar Baƙa a ɗakin shirgi, ƙura na cin su, ni ban yafe ba. A fito da su, a goge su, a rufa musu ƙyalle. Hakkinsu ne.

Ƙurunƙus! Na sauke ta a kan ɗan ɓera, kowa ya kama hanyar gida.