Ranar Da Waƙar Tela Ta Tsare Akwatin Zaɓe

Akwai wani ɗan takarar kansila a Iku, cikin Suleja, mai suna Faruk. Ana saura wata guda zaɓe, ya je shagon Malam Ja'afar, wani dattijon tela mai rubuta waƙoƙi, ya ce ya shirya masa waƙar yabo.

Malam Ja'afar ya ce, "Ɗana, ni ƙuri'a nake yi wa waƙa, ba ɗan takara ba."

Faruk ya tuntsire da dariya. "Baba, wa ke sauraronka? Ci gaba da ɗinkinka."

Ranar zaɓe, wajen azahar, labari ya iso rumfar zaɓe da ke makarantar firamare cewa matasa na tafe da gorori za su sace akwati. Faruk ya san yaransa ne, don sun ga alamar zai faɗi. Bai hana su ba. Layi ya watse, malaman zaɓe suka fara tattara takardu.

Sai Malam Ja'afar ya hau benci, ya ɗaga murya:

"Yatsan tela da yatsan gwamna,
A cikin akwati ɗaya ke kwana,
Ku tsaya a layi, 'yan uwana,
In kun gudu, wa zai zaɓa mana?"

Wata tsohuwa, Sailuba, ta juyo tana amsawa. Kosisochi mai shagon magani ta bi ta da guntuwar Hausarta. Kafin a jima, mutum sama da ɗari sun koma layi, murya ɗaya, har kwanon rufin makarantar yana amsawa.

Faruk ya tsaya yana kallo. Bai taɓa ganin irin wannan ba, ko a taron kamfen ɗinsa.

Matasan suka iso, suka tarar da iyayensu mata a gaba suna waƙa. Babbansu ɗan Sailuba ne. Ta dube shi ta ce, "Ajiye gorar nan, ka shiga bayana." Ya ajiye. Sauran ma suka ajiye.

Aka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa. Faruk ya sha kaye. Wakilinsa ya raɗa masa, "Oga, kar mu yarda."

Faruk ya share ido ya ce, "Sa hannu a takardar sakamako. Abin da na gani yau ya fi ƙarfina."

Darasi: Kada ka raina mai alƙalami. Baiti ɗaya na gaskiya yana tsayar da al'ummar da tsoro ya kora. Tura wa wani ya karanta kafin zaɓe mai zuwa.