Jakadiya Tasalla da Gandun Madugu

A zamanin da, tun ana auna nisan gari da zango, an yi wani Sarki wanda ya gaji da jin "gaskiya ne, ranka ya daɗe." In ya ce gabas, fadawa su ce gabas. In ya juya ya ce yamma, su rantse da ma can suka nufa. Sai ya tara malamai goma sha biyu, masana ƙasa da ruwa da kasuwa da shari'a, ya ba su wani babban zaure a bayan masallaci. Ya ce aikinsu ɗaya ne: in matsala ta taso su bincika, su zo fada su karanta abin da suka gano a gaban kowa, ko da daɗi ko ba daɗi. Aka sa wa wurin suna Zauren Bincike.

Sa'an nan ya kafa wata doka da ta ba mutane mamaki. Ya ce ko ƙwayar gero kada ta fita daga baitulmali zuwa zauren nan, domin malamin da Sarki ke ciyarwa ba zai iya duban idon Sarki ya ce masa ya yi kuskure ba. Attajirai da masu hali su ne za su riƙe shi da kyautarsu. In kuwa suka janye hannu, a rufe shi.

To, kafa doka ba wuya, amma malamai ba sa cin takarda. Dole a sami mai zuwa ya buɗe hannun attajirai, shi kuwa hannun attajiri, kun dai sani, ba da ƙarfi ake buɗe shi ba. Wannan aiki ya faɗo kan Jakadiya Tasalla, wata gajeruwar mace mai dariya da ƙarfi, wadda ta san kowane gida na garin tun daga zaure har madafa. Ba ta roƙo a zuwan farko, ba ta yi a na biyu. Sai ta san abin da ke faranta wa mutum rai da abin da ke damunsa tukuna. In ya bayar kuma, ba ta ɓacewa. Takan koma ta gaya masa abin da kyautarsa ta yi, har mutum ya ji kamar da hannunsa ya yi aikin. Shekara ashirin da biyu tana wannan, zauren bai taɓa kwana da yunwa ba.

Ana nan sai babban attajirin da ke ɗauke da rabin nauyin zauren ya rasu, magada suka raba dukiya kowa ya kama gabansa. Rumbun malamai ya fara ƙasa. Biyu daga cikinsu har sun fara tambayar hanyar wasu garuruwa. Tasalla ba ta razana ba, don ta daɗe da hango wannan rana. Shekara uku ke nan tana zuwa gidan Madugu Arzika, mai fataucin fata, wanda ya mallaki babbar majema a saman Unguwar Masaƙa. Mutum ne mai zafin rai da son girma, amma ba ya magana biyu. Yana da wani gandu a bakin kogi wanda amfaninsa zai ciyar da zauren har jikokin jikoki, kuma ya yi mata alkawarin zai bayar da shi a Ranar Kyauta.

Ita Ranar Kyauta sau ɗaya ake yin ta a shekara, bayan kaka. Masu bayarwa su hallara a fada, Sanƙira ya miƙe ya shelanta sunan mutum da abin da ya bayar. A al'adar ƙasar, kafin Sanƙira ya buɗe baki mutum na da ikon fasawa. Da zarar ya shelanta kuwa, magana ta ƙare. Wanda ya nemi a mayar masa da kyautar da aka shelanta, shi da zuriyarsa ba su ƙara ɗaga kai a kasuwa.

A wannan shekara ciwon ciki ya addabi Unguwar Masaƙa, har aka rasa yara huɗu. Sarki ya ce malamai su bincika. Shugabansu Malam Korau, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana, ya bi gida gida ya gano duk masu ciwon rijiya ɗaya suke sha. Ya sa aka zuba shuni a ramin da ruwan majemar Madugu ke taruwa. Kwana huɗu bayan haka aka ja guga a rijiyar, ruwa ya fito da shuɗi-shuɗi.

Saura kwana uku Ranar Kyauta Malam Korau ya gaya wa Tasalla abin da ya gano. Ta zauna a kan tabarma. Ta ga aikin shekara uku yana shirin zubewa.

Kafin la'asar Waziri, wanda shi ma labarin ya kai masa, ya aika a kira ta. Shi Waziri ba mugu ba ne, yana son zauren da gaske, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa bin miƙaƙƙiyar hanya in akwai ta kwana. Ya ce, "Jakadiya, abin nan ba ya bukatar tashin hankali. Tsarin zaman fada a hannuna yake. Da safe Sanƙira ya shelanta gandu, bayan azahar Malam Korau ya karanta bincikensa. Ba mu yi ƙarya ba, ba mu ɓoye kome ba. Ke dai ki kama bakinki kwana uku."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, dabarar ta yi kyau, kuma za ta ci. Sau ɗaya."

"Sau ɗaya muke bukata."

"Kai ke bukatar sau ɗaya, ranka ya daɗe. Ni baɗi zan koma gidajen mutanen nan. Duk attajirin da ya ga yadda aka yi wa Madugu, in ya hango ni tafe sai ya ce a ce ba ya nan. Ban da haka ma, mutumin nan shekara uku ina cin abincin gidansa."

Waziri ya ɓata rai. Ya ce, "In kika gaya masa ya fasa, zauren ya rufe, malamai su watse, ni da bakina zan gaya wa Sarki ke kika jawo."

Ta ce, "Ba sai ka wahala ba, ni zan riga ka faɗa."

Washegari da hantsi ta sami Madugu a zaurensa ana jera masa fatu yana dubawa. Ya tarbe ta da fara'a, ya sa a kawo fura. Ta ce a dakata da furar. "Madugu uban tafiya, yau da magana mai ɗaci na zo, gara ka ji ta kafin in sha ruwan gidanka." Ta kwashe labarin shuni da rijiya ta gaya masa, ba ta rage ba, ba ta sa masa zuma ba. Ta ce jibi za a karanta a fada, kuma ta fi zaton Sarki zai ce a tashi majemar.

Fuskar Madugu ta canza. Ya ce, "Majemar da na gada tun daga kakana?"

"Ita."

"To, in na ba da gandun, malaman naki za su sassauta?"

"Ko wasali ba za su canza ba."

"In na hana fa, za su tsananta?"

"Ko wasali ba za su ƙara ba."

Ya buga hannu a kan fatun har ƙura ta tashi. "To, me gandun nawa zai saya mini?"

Tasalla ta ce, "Ba kome, Madugu. Ba ciniki na zo yi ba. Na zo ne don ka san abin da ke akwai tun kana da ikon fasawa."

Ya ce, "Na fasa. Tashi ki ba ni wuri."

Ba a raka ta ba ko zuwa bakin ƙofa, ita da aka saba rakawa har bakin hanya. Abin ya yi mata zafi sosai, ta yi hawaye a lungu inda ba mai gani, ta share da bakin mayafi. Daga nan ta wuce gidajen ƙananan masu bayarwa ta ci gaba da gaisuwarta kamar yadda ta tsara.

Ranar Kyauta fada ta cika. Sanƙira ya shelanta dami goma na wane, saniya biyu na wane, abin da ba zai kai malamai ko damina ba. Ba a ji sunan Madugu ba, ga shi kuwa zaune a sahun gaba ya haɗe rai. Bayan azahar Malam Korau ya karanta bincikensa, ya sa aka ajiye ƙwaryar ruwan rijiyar a gaban Sarki. Sarki ya duba, ya tambayi Madugu ko yana da ja. Madugu ya ce ba shi da ja, don jiya ya je da kansa ya ja guga ya gani. Sarki ya yanke hukunci a mayar da majemar bayan gari ta gangaren kogi, a haƙa wa masaƙa sabuwar rijiya, Madugu ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma je ya yi wa iyayen yaran nan ta'aziyya da ƙafarsa.

Sai Waziri ya matso zai yi magana. Tasalla ta riga shi, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, an yi mana alkawarin gandu, ni na sa aka fasa." Ta faɗi yadda aka yi, amma ba ta ambaci shawarar Waziri ba. Waziri ya sunkuyar da kai, sa'an nan shi da kansa ya faɗi abin da ya ce mata.

Sarki ya dube ta. Ya ce, "Jakadiya, kin yi daidai. Amma dokata tana nan. Ba zan buɗe baitulmali ba, ko da zauren zai rufe."

Ta ce, "Ban roƙa ba, Allah ya ba ka nasara."

Nan Madugu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, haushi nake ji, kuma zan daɗe ina ji. Amma yanzu na ji ramin da aka so a jefa ni, na kuma ga wadda ta hana. Zan ba da gandun." Fada ta ɗauki hayaniya, Sanƙira ya miƙe yana gyara riga. Madugu ya ɗaga hannu. "Da sharaɗi ɗaya. Binciken da malamai za su yi na gaba, marinar Jatau za su duba. Ba ni kaɗai ke zubar da ruwa a garin nan ba." Shi Jatau babban marini ne, sun shekara ashirin ba sa ga maciji da Madugu.

Kowa ya ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Waziri yana ta yi wa Tasalla alama da ido ta karɓa. Har Malam Korau ya ɗan matsa kusa da ita, don shi ya san abin da ya rage a rumbu. Tasalla ta dubi Sanƙira ta ce, "Zauna tukuna." Ta juya ga Madugu. "Na gode, Allah ya ƙara arziki. Amma ba zan karɓa da igiya a wuyanta ba. In yau ka zaɓa mana wanda za mu bincika, gobe Jatau zai kawo shanu ya zaɓa mana kai. Daga ranar kuwa ba wanda zai ƙara yarda da abin da aka karanta a nan, har wanda aka karanta yau."

Madugu ya zura mata ido. "Ke, sau biyu za ki mayar da gandu a mako ɗaya?"

"Sau ɗaya kai ka fasa, Madugu. Wannan ne nawa."

Tana nan durƙushe, ba ta janye maganarta ba. Can sai Madugu ya yi tsaki mai tsawo, ya ce, "Sanƙira, tashi ka faɗa. Gandun bakin kogi, ba sharaɗi. Amma kada ka kuskura ka ce da farin ciki na bayar."

Sanƙira ya shelanta, Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Aka tashi majema, aka haƙa rijiya, ciwon ciki ya bar Unguwar Masaƙa, malaman da suka ɗaure kaya suka kwance. Waziri kuma Sarki ya karɓe tsarin Ranar Kyauta daga hannunsa ya ba Jakadiya.

Bayan shekara biyu, da wasu maƙwabta suka kawo ƙara, malamai suka binciki marinar Jatau don kansu. Suka tarar ba ta da laifin kome. Kafin a karanta a fada, Tasalla ta yafa mayafinta ta je ta gaya wa Madugu da bakinta. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Wato da gandun nawa aka wanke Jatau."

Ta ce, "Da shi, Madugu. Har da gero mai kyau."

Ya daɗe yana girgiza kai. Sa'an nan ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ke, Tasalla. Baɗi me zauren ke bukata?"

Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, na kuwa sauke muku shi duka.