Kalmar da ke Jikin Takobi

An ruwaito a littattafan magabata cewa fatake sun taɓa kawo wa Sarki Barmo na Birnin Kanya takobi daga bakin teku, da kalma guda ta Turanci a jikinsa. Sarki ya yi shela, duk wanda ya fassara ta ya roƙi abin da yake so.

A lokacin kuwa wani tsohon falke, Jatau, ya kwana bakwai a ƙofar fada. Fara ta cinye gonakin ƙauyensu, Rafin Gawo, ya zo roƙon hatsi, ba a ko saurare shi ba. Da ya ji shela sai ya shiga, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya duba takobin.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, fiyalti aka rubuta. Ba kalmar kasuwa ba ce, sai wajen rantsuwa gaban sarakuna. Kusan caffa ce."

Sarki ya ce, "Madalla! Daga yau da ita talakawana za su riƙa rantse mini."

Jatau ya ce, "A gafarce ni, da sauran bayani. Wani tsohon akawu a Ikko ya ba ni labarin wani sarkin Turawa na da, wanda ya fusata da baransa. Baran ya roƙi a bar shi ya sake rantsuwar nan kafin a sare shi. Ga yadda suke yi."

Sai ya durƙusa, ya haɗa tafukansa, ya sa su tsakanin tafukan Sarki, Sarki ya riƙe.

Jatau ya ce, "To, ranka ya daɗe, zare takobinka."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Kai tsoho, da wane hannu?"

Jatau ya ce, "Haka wancan sarki ya tambaya, ya kuwa yafe wa baransa. Mai rantsuwa ya ba da hannunsa, mai karɓa ma nasa ya kamu. Mu mutanen Rafin Gawo shekara arba'in hannuwanmu na cikin na gidan nan. Yau yunwa ke kashe mu."

Sarki bai sake shi ba. Can ya ce wa Waziri, "A buɗe rumbuna."

Jatau ya bi bayan jakunan hatsi yana hawaye, yana sa wa Sarki albarka, har da akawun nan da ƙasa ta daɗe da rufewa.

Masu hikima suka ce, wanda ya karɓi hannun talaka, ya sani nasa ma ba a sake yake ba.