Gizo da Manhajar Kogi

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo ne ya ƙirƙiro wata 'yar manhaja mai faɗin lokacin da kogi zai kawo ruwa. Gonakin dabbobi duk a tsallake suke, don haka kowa ya nema. Gizo ya raba musu, amma ya ɓoye 'yan tarkacen da sai da su take tashi.

Zomo ya sa ta a kwamfutarsa, ta ƙi. Gizo ya zo ya riƙe baki. "Ikon Allah! A wajena fa lafiya lau take aiki. Me aka dafa ne?" Sai da ya cika cikinsa da dambu, sannan ya saka abin da ya ɓoye. A gidan Barewa ya sha fura. A gidan Bushiya ya share tuwo har da ƙanzo.

Kunkuru mai fito ya aiko cewa tasa ma ta ƙi. Gizo ya san abincin gidan ganye ne, ya ce, "Sai na samu sarari."

Ran nan Ƙoƙi matar Gizo ta zo mashigi da 'ya'yanta za su gona.

"Baba Kunkuru, yaya ruwa?"

"To, 'yar nan, manhajar maigidanki ba ta tashi ba. Amma ga kogi kwance."

Ya haye da su. Kafin azahar ruwa ya sauko ya shanye gonakin. Gizo ya sheƙo da gudu, ya hango iyalinsa a maƙale kan tsamiya. Kunkuru ya faɗa ruwa, ya yi ta goyo su ɗaya bayan ɗaya har ya gama.

Kunya ta hana Gizo ɗaga ido. Ya koma gida ya tattara manhajar, da tarkacenta kaf, da umarnin tashinta, ya zuba a akwati guda ya rufe ruf. Ya buga irinsa da yawa, duk wanda ya buɗe sai ta tashi nan take. Na farko shi ya ɗauka a ka har mashigi.

Kunkuru ya karɓa ya ce, "Sannu, Gizo. Yaya jikin yaran?"

To, jikokina, in za ku ba mutum abu, ku ba shi cikakke, kada ku riƙe rabi don a riƙa nemanku.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.